Dubiyar Mai Lafiya a Kubwa

Sakkwato,
farkon watan Afrilu.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu Ammar da mutanen Kubwa baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai zafin Sakkwato da ya fara nuna hali. Ummata Hadijatu tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Hajiya, ranar Juma'a na kira ki, muna hira lafiya lau, ina ambaton wiwi kika kashe waya. Na sake kira kika ƙi ɗauka. Daga baya kika aiko wa Umma cewa in ina da irin wannan magana in sa ta a takarda, wai waya akwai masu sauraro. To ga takarda. Na ba Surajo direba, mai jigilar Sakkwato zuwa Abuja.

Ba sha nake yi ba, ba kuma sayarwa nake yi ba. Kin san ina digiri na biyu a kan lafiyar al'umma. A wasu ƙasashe likitoci kan ba mara lafiya maganin da aka tace daga wiwi, aka auna shi, don rage zafin ciwon daji, ko yawan amai, ko wata irin farfaɗiya ta yara. A ƙasar nan doka ba ta yarda ba. Abin da nake so in sani shi ne yadda mutanenmu ke kallon abin, da kuma me ke sa mutum ya yarda ko ya ƙi. Na zaɓi Abuja don babu irin mutumin da babu a cikinta.

Sai na gama jarrabawa zan iya zuwa. Kafin nan ina roƙon ki ɗan bugi cikin matan unguwa, ki ji me za su ce. Ni in na tambaye su, sumar kaina kawai za su kalla su kira 'yan sanda. Ke kuwa babu macen da ba ta sakin baki a gabanki.

Na san Kawu Ammar yana aiki a hukumar da ke kama masu wannan abu. Tambaya ba laifi ba ce, amma in kin ga zai damu, ba sai ya ji ba.

Naki, maigidan da kike cewa ba ya cefane,
Fu'ad.

*

Kubwa,
tsakiyar Afrilu.

Zuwa ga maigida Fu'ad,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasa, don Surajo a ƙarƙashin buhu ya cusa ta. Ina lafiya, Ammar ma lafiya. Ka ce wa Hadijatu ta rage hawa babur in tana son ƙafar ta warke.

Da wani ne ya kawo min wannan magana, da tuni na nuna masa ƙofa. Amma ni da kakarka 'ya'yan wa da ƙani ne, ɗaki ɗaya muka kwana har aka kai ta gidan miji, don haka ba ni da yadda zan yi da kai. Duk cututtukan duniyar nan, ga maleriya ga hawan jini, ba ka ga abin bincike ba sai tabar 'yan tasha.

Ammar bai ji ba, ba kuma zai ji ba. Ka san autan nawa. Ko ƙwayar ciwon kai ba ya haɗiya sai ya karanta takardar cikin kwali gaba da baya. A bana ake sa ran ƙara masa girma, ya daɗe yana jira, kuma a wurinsu ko sunan gidanka aka ambata kusa da wannan abu ka gama aiki. Tun rasuwar babansa aikin nan ne ke riƙe da mu.

Yanzu ga rahotonka. Ranar Asabar aka yi suna a layinmu, mata suka cika tsakar gida. Na zauna ina tunanin ta ina zan ɓullo. In na ce jikana ne ke bincike, gobe za a ce Hajiya Turai tana da jika ɗan wiwi, ka rasa matar aure a Abuja da kewaye. To amma wadda ta tsufa tana buga tafireta a ma'aikata ta san yadda ake tsara magana. Sai na ce, "Wai ni kam, wata baiwar Allah ce na sani, ciwo ya ci ƙarfinta, ko barci ba ta iyawa. Aka ce a ƙasashen waje likita kan ba irinta maganin da aka yi da wiwi. Ku in ku ne, kwa sha?"

Mai raba waina ta tsaya da faranti a hannu.

Malama Sumayya, shugabar islamiyyarmu, ita ta fara. Ta ce, "A'uzu billahi. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko a kwalbar zinariya aka zuba shi."

Akwai wata matar darakta da ba ta cire tabarau ko a inuwa. Ta ce, "In dai daga Ingila ya zo, cikin kwali, da sa hannun likita, to wannan medicine ne. Amma na tashar Nyanya, God forbid."

Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce mu je mu ga jikanta, yaro da hankalinsa, yanzu da kajinta yake hira. Ta ce ranar da gwamnati ta ce abin nan magani ne, ranar duk samarin layin nan za su kamu da ciwon baya. Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba.

Sai maƙwabciyata Rosemary, 'yar Gbagyi ce, tana noman doya a wajen Bwari, katanga ɗaya ta raba mu tun muna sabbin zuwa. Ta ce, "Ni dai fasto ya ce babu kyau. Amma Mama Ammar, wane ne wannan mata? Yana ina?" Na ce ba ta san ta ba. Ta daɗe tana kallona.

Don haka ka rubuta: matan Kubwa ba su yarda ba, ko mutum ɗaya. Bincike ya ƙare, sai ka zo ka yi cefane.

Uwargidanka,
Turai.

*

Kubwa,
ƙarshen Afrilu.

Fu'ad,

Salamu alaikum. Ban jira amsarka ba, don ka jefa ni cikin masifa. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ka riƙe wannan tukuna.

Na manta da halinmu, ni da ya kamata in fi kowa sani. Mu ba ma cewa "ni ce". Wadda mijinta ya daina kula ta, labarin wata ƙawarta take bayarwa. Mai neman maganin basir, wata maƙwabciya take nema wa. Ni kaina na sha zama in fassara wa mata irin wannan zance, sai ga shi na yi shi da bakina a gaban rabin Kubwa. Ga ramar azumi ba ta sake ni ba. Ga shi kuma an gan ni a bakin wani asibiti a Wuse, alhali tabarau na je canzawa. Kafin a gama wanke tukwanen suna an gama yanke min hukunci: ciwon daji ne, kuma ina ɓoye wa Ammar don kada hankalinsa ya tashi.

Tun daga Lahadi ake zuwa dubiya. Lemo, ayaba, kunun gyaɗa, farfesun kaza. Na ce musu lafiyata ƙalau, suka ce, "Allah sarki, Hajiya akwai tawakkali." Na tashi na ɗauki tsintsiya don su gani da idonsu, suka ƙwace, suka share min gida har bayan firij. Gaskiya wannan ɓangaren bai dame ni ba.

Abin da ya biyo baya ne. Tsohuwar nan mai ƙosai ta jira kowa ya watse, ta kwance haɓar zani, ta danƙa min wani ƙulli. Ta ce, "A aljihun ja'irin jikan nawa na ciro. Na sha zubarwa a kwata, yau na ce gara a kai inda zai yi amfani. Ki tafasa kamar shayi." Kafin in buɗe baki ta sa takalmi.

Matar darakta ba ta zo da kanta ba. Direbanta ta aiko da wani abu a naɗe cikin takardar kyauta mai ƙyalli, da saƙo cewa ta yi wa ƙanwarta ta Landan maganar na kwalba, amma kafin ya iso in fara da na gida.

Rosemary kuwa har tashar Nyanya ta je, inda 'yan ofishin su Ammar ba sa rabuwa da sintiri. Don kada 'yan cocinsu su gane ta, sai ta cire koren hijabina daga kan igiya ta saka. Hijabin da ko makaho a Kubwa ya san nawa ne. Na ce, "Rosemary, nan fa gidan jami'i ne." Ta ce, "Shi ya sa ya fi safe. Wa zai bincika gidan oga? Ka sha, Mama Ammar, ba na so ka mutu." Tana faɗa tana sharar hawaye da hijabin nawa.

Malama Sumayya ce ta gama kashe min jiki. Ta zo da dabino da zamzam, ta riƙe hannuna, ta ce tun ranar sunan ba ta samu natsuwa ba, har ta koma ta tambayi malaminta. Ta ce akwai hukuncin lalura, in likita amintacce ya ce babu wani magani sai shi. Ta ce, "Ni ban ce ki sha ba. Ban kuma ce kada ki sha ba. In an tambaye ni, dabino na kawo."

Za ka ce in mayar musu. Yaushe ka taɓa jin an mayar da kayan dubiya? Kuma in na ɗaga murya, wa zan tona wa asiri, tsohuwar da ta yi sata don ni, ko Rosemary?

Yanzu duka suna cikin babbar kulata ta Makka, a ƙarƙashin gado, ɗakin Ammar kuma yana jikin nawa. Abin yana da wari. Ina ta banka turaren wuta har yaron ya fara tari, ya tambaye ni ko baƙi za mu yi. In aka ga kular nan a gidan nan aikinsa ya tafi, wataƙila har da shi kansa. Tsoro nake ji, Fu'ad, tsoro na gaske. Kai da ka yi boko, faɗa min yadda ake rabuwa da wannan abu.

Ka gaida Hadijatu. Ka ce mata lafiyata ƙalau.

Turai.

*

Sakkwato,
farkon Mayu.

Hajiyata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙunki biyu sun iso. Mu lafiya. Ya jikin naki?

Da na karanta ta farko na yi murna. Da na fara ta biyu na yi dariya har na ƙware, don abin da kika gano ya fi abin da nake nema: mutum yana da amsar tsakar gida, yana da ta bayan labule. Amma da na maimaita karatu sai dariyar ta tsaya.

Hajiya, kin ce lafiyarki ƙalau a farkon wasiƙa, kin ce a tsakiya, kin ce a ƙarshe. Mai lafiya sau ɗaya yake faɗa ya wuce. Kin ambaci rama. Kin ambaci asibiti. Kuma na zauna na yi tunani: macen da ke kashe waya don kalma ɗaya, me ya sa ta yarda ta taimake ni da sauri haka, har ta tsara tambaya da ciwon da ke hana barci? Ni ban rubuta miki zancen barci ba.

Na nuna wa Umma. Ta ce haka kakata ta yi, har ta kwanta tana cewa mura ce. Ta ce halin gidanku ne. Tun jiya take kuka.

Don Allah ki faɗa min gaskiya. In ke ce baiwar Allahn, ba abin kunya ba ne. Amma kada ki sha abin da ke cikin kular nan. Wanda likitoci ke bayarwa tatacce ne, aunanne ne, kuma ba kowane ciwo yake yi wa amfani ba. Na tasha babu wanda ya san me aka haɗa shi da shi, zai iya taɓa miki zuciya ko ƙwaƙwalwa. Akwai magungunan rage zafi a asibiti waɗanda doka ta yarda da su. Ki bar Kawu ya kai ki.

Umma ta ba Surajo zuma da sassaƙe da ruwan tofi. Ki ɗauki wayata in na kira, ba zan ambaci kalmar ba.

Jikanki da ke ƙaunarki,
Fu'ad.

*

Kubwa,
tsakiyar Mayu.

Fu'ad ɗan Hadijatu,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarku ba, don na ga a gidanku amsar ba ta da amfani.

Ashe duk kuɗin da aka kashe maka a boko, kanka ɗaya da na mai ƙosai. Na tambaye ka yadda zan fitar da wuta daga ɗakina, ka aiko min da sassaƙe. Zancen barci ni na ƙara don magana ta yi armashi, tafireta ta koya min ado. Kakarka kuwa murar ce ta kashe ta, ina wurin. Ba ni da ciwon daji, ba ni da ciwon gida. Wayarka ba zan ɗauka ba, don na san kuka za ku yi min kai da uwarka, kuma cikin kukan sai wani ya ambaci kalmar.

Tun da ba ka da shawara, ga abin da na gwada da kaina.

Na ce in zuba a shara. To baban bolar layinmu ba ya wuce leda bai buɗe ba, kuma ya san ledar kowane gida. Na ce in ƙona a bayan gida in Ammar ya tafi ofis. Na gwada da ɗan kaɗan a kasko, kafin hayaƙi ya kai katanga wani saurayi ya leƙo yana cewa, "Hajiya, barka da hutawa," da wata irin fara'a da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na kashe da ruwan buta. Na ce in tura a masai, sai na tuna ramin ya cika, kuma mai gyaran abokin Ammar ne.

Na je wa Rosemary, na ce ta kai gona ta binne. Ta ce, "Damina ya faɗi, Mama Ammar. In ya tsiro cikin doyana fa? Kuma me ya sa ka ƙi sha? Ka gaji da duniya ne?" Ta tafi tana fushi, da yamma ta aiko da farfesu.

Ƙullin kuwa bai daina zuwa ba. Mai gadin layi ya kawo nasa, ya ajiye a kan taga ya yi min addu'a. Kular yanzu da ƙyar take rufuwa.

Ga abin da na yanke. Ammar zai je aiki Lakwaja ƙarshen wata. In ya tafi zan san yadda na yi, ko da kogi zan nema. Kafin nan ka ja bakinka. Kada ka kuskura, ko a mafarki, Ammar ya ji labarin kular nan. In ya gani, ko dai ya kai rahoton uwarsa, ko ya ɓoye ya zama mai laifi, kuma kowanne ya zaɓa sunan gidansa ya ɓaci a ofis. Na roƙe ka da girman Allah.

Zumar tana da kyau, ka yi wa Hadijatu godiya.

Turai.

*

Sakkwato,
ƙarshen Mayu.

Hajiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ban da hankalinmu da ke tashe.

Tun wasiƙata ta ƙarshe ban ji daga gare ki ba. Surajo bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Taki tana shiga, ba a ɗauka. Umma ta ce ko dai kin kwanta ne, ko kin fara shan abin. Ta ce in ban yi wani abu ba, alhakinki a wuyana.

Don haka yau da safe na kira Kawu Ammar. Na gaya masa mata suna ta zuwa dubiya yana ofis, na gaya masa muna zaton kina ɓoye masa babban ciwo. Na kuma ce ya duba ƙarƙashin gadonki kafin ki sha abin da zai cutar da ke. Na dai ji ya ja kujera. Na san za ki yi fushi, amma gara ki yi fushin kina raye.

Naki,
Fu'ad.

Ƙari: Ina naɗe wannan sai ga Surajo. Motarsa ce ta lalace a Kontagora, ya zauna jiran kayan gyara, wasiƙarki tana aljihun kujera. Na karanta a tsaye. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, na kira Kawu ban samu ba. Ki yafe ni.

*

Kubwa,
watan Yuni.

Zuwa ga Fu'ad,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Sau ɗaya na faɗa, ka gani. Ammar lafiya, Rosemary tana gaishe ka, ta ce in ka zo Abuja kada ka bi ta ƙofarta.

Wasiƙarka ta iso bayan an gama komai, kamar yadda ta saba. Na so in bar ka ka daɗe kana zullumi, amma Hadijatu ba ta yi min laifin da ya kai haka ba.

Ranar da ka kira shi, ina zaune a tsakar gida ina gyaran alayyahu, ko azahar ba a kira ba, sai ga Ammar. Tun da ya fara aiki bai taɓa dawowa a wannan lokaci ba. Ya gaishe ni, ya wuce kai tsaye ɗakina, ɗakin da rabonsa da shiga tun yana sakandare. Na ji an ja kula a kan siminti. Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Ya fito da ita, ya ajiye a gabana, ya buɗe. Ya kalli ƙullin mai ƙosai, ya kalli takardar kyautar matar darakta. Ya je ya sa wa ƙofar gida sakata. Ya cire katin aikin da ke wuyansa ya tura a aljihu. Sannan ya zauna a ƙasa, da kayan ofis, kusa da ƙafata.

Ya ce, "Umma, me likita ya ce? Saura wata nawa?"

Na ce, "Wane likita?"

Ya ce, "Ba sai kin ɓoye min ba. Na kama mutane a kan abin da bai kai rabin wannan ba, kuma ban taɓa tambayar ko ɗayansu me ke damunsa a gida ba. In yana rage miki zafi, ki sha. Ni zan riƙa tafasa miki. Amma ba wannan ba, wannan na Nyanya ne, ana haɗa shi da datti. Na san inda ake samun mai tsabta. In an kama, nawa ne, ke ba ki san komai ba."

Fu'ad, yaron da ke karanta takardar cikin kwali. Yana magana hawaye na zuba a kan rigarsa, muryarsa ko rawa ba ta yi, kamar yana karanta rahoto.

Ban san lokacin da na ɗauki murfin kula na kwaɗa masa a kafaɗa ba. Na ce, "Aikin da ka sha wuya a kai za ka zubar a kan tsohuwa?" Ya ce eh. Na ƙara masa. Daga nan ni ma na fashe da kuka, muka zauna muna yi, alayyahu yana bushewa. Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba tun ranar da na haife shi.

Bai yarda da rantsuwata ba, don shi ma ɗan gida ne. Washegari ya kai ni asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki da na ƙirji, aka sa ni a wani inji mai ƙara kamar na niƙa. Likita ya ce in ban da tsufa ba ni da komai. Ammar ya yi godiya, ya ɗauke ni zuwa wani asibitin. Can ma haka. Sai da na ce in ya kai ni na uku zan kamu da ciwon gaske sannan ya haƙura.

Ya kira Malama Sumayya da Rosemary ya karanta musu sakamakon. Malama ta yi hamdala, ta ce to maganarta ta ranar suna tana nan daram, a manta da ta biyun. Rosemary ta ce, "To wane ne wannan mata mai ciwo?" Na ce babu ita, ni na ƙirƙira. Ta ce, "Na shiga Nyanya da hijabi saboda mutum da babu shi?" Ta zage ni da Gbagyi, ta rungume ni, ta ce in dawo mata da kwanon farfesunta.

Saura kula. Na ce mu jira dare mu nemi kogi. Ammar ya ce a'a. Ya ce da ina da ciwo da ya ɓoye har abada, amma tun da lafiyata ƙalau ba shi da hujja. Ya saka ta a but ɗin mota ya kai ofis da kansa, ya gaya wa ogansa yadda aka yi tun daga ranar suna. Ogan ya yi dariya har ya cire hula. Da ya gama ya ce a ba shi sunayen waɗanda suka kawo. Ammar ya ce 'yan dubiya ne, kuma ba a kai ƙarar ɗan dubiya. Aka ce ya je ya yi tunani. Ya je ya dawo da amsar da ya tafi da ita.

Ba su kore shi ba. Sun ba shi takardar gargaɗi, ƙarin girman kuma an ɗage sai baɗi. Jiya aka liƙa sunayen waɗanda suka samu, har da yaran da shi ya koya wa aiki.

Na ce bari in sa hijabi in je in durƙusa wa ogan nan, in gaya masa ni ce na jawo da surutuna, kai kuma da bincikenka. Ammar ya hana. Na ce masa shekara guda fa, ba wasa ba. Yana cire takalmi ya ce, "Umma, ranar da na buɗe kular nan na riga na haƙura da aikin gaba ɗaya, ina tunanin yadda zan haƙura da ke. Shekara ɗaya kawai suka karɓa."

Na tashi na zuba masa tuwo, na kwashe naman da ke tukunyar duka na sa masa.

Na yafe maka. Ka gaida Hadijatu.

Uwargidanka,
Turai.